Bashin taki: a karɓa ko a haƙura?

Tambaya: Masara nake nomawa a yankin Giwa, gonata kadada ɗaya da rabi. Bana kuɗin taki ya gagare ni. Wata ƙungiya ta ce za ta ba mu taki da iri da maganin ciyawa, mu biya da kaka. Wani ɗan kasuwa kuma ya ce zai ba ni taki in biya shi da masara. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, kafin ka tambayi nawa za ka biya, fara tambayar ranar da takin zai shigo hannunka. Masara ba ta jiran kowa. Takin kamfa, wato NPK, ana son ya shiga ƙasa cikin mako biyu na farko bayan shuka, yuriya kuma wajen mako huɗu zuwa shida. Takin da ya iso bayan masara ta fara goyo, bashinsa kawai za ka ɗauka, amfaninsa ya riga ya wuce. Na sha ganin buhunan yuriya jingine a zaure a watan Agusta, mai su yana kallon gonarsa ta yi ɗorawa, ganye duk ya koɗe.

Wannan ma yana cikin abin da manoma suka riƙa kuka da shi a shirin bashin noma na Anchor Borrowers, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. Ruwan bashin bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, kuma manoman shinkafa da yawa sun faɗaɗa noma da shi. Amma inda kaya suka makara, ko ambaliya ta cinye gona, ko mutane suka ɗauke shi rabon gwamnati ne, biya ya gagara. Saboda haka ka sa ƙungiyar ta rubuta maka ranar kawo kaya, da abin da zai faru in ta saɓa.

Sai lissafi, kuma da buhu za ka yi shi, kada ka yi da naira. A ce ba taki gonarka na ba ka buhu goma, da taki kuma ashirin da biyar. In bashin zai ci buhu takwas, ka samu ƙarin bakwai. In zai ci goma sha biyar, ai ƙwadago ka yi wa mai bashi. Ka tuna kuma da kaka masara ke faɗuwa warwas a kasuwa, lokacin ne kuma kowa ke zuwa karɓar nasa. Ƙungiyar da za ta yarda ka jinkirta biya zuwa Fabrairu ko Maris ta fi mai sauƙin ruwa da za ta tsaya maka a bakin gona ranar girbi.

Ka tambaya ko bashin na ɗaure ne da juna, wato in ɗan rukuninku ya gaza ku za ku biya masa. In haka ne, ka san da wa ka shiga. Ka tambaya kuma ko akwai inshorar NAIC, hukumar inshorar noma ta Najeriya, a ciki, da wanda zai kai rahoto in fari ko ambaliya ta zo.

Ɗan kasuwar nan kuwa, bakinsa ya fi sauri, takinsa ma yakan fi zuwa da wuri, shi ya sa mutane ke ruga masa. Matsalar ita ce “sai kaka ma yi magana”. Kada ka yarda da ita. Shari'a ta halatta cinikin salam, wato a biya yanzu a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a san lokaci. Ku yanke yawan buhu da ranar biya tun yanzu a gaban shaidu, ka kuma tuntuɓi malamin unguwarku kan yadda kuka ƙulla.

Da ni ne, kadada ɗaya kawai zan ci wa bashi. Rabin da ya rage in zuba waken soya ko gyaɗa, waɗanda ba sa cin yuriya kamar masara, in kai musu takin gida. Ko damina ta yi gardama, akwai abin da mai bashi ba shi da hannu a kai.