Atlas ya ɗora ƙodar ɓera a kan hanji, in karɓa haka?

Tambaya: Dakta, barka da aiki. Ɗaliba ce ni mai digiri na biyu a nan Sakkwato. Abokan bincikenmu na waje sun aiko mana hotunan CT (hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka falle-falle) na ƙananan ɓeraye, ana so in auna girman hanta da ƙoda. Na ɗora atlas ɗin Digimouse (taswirar sassan jikin ɓera da manhaja ke ɗorawa a kan hoto), ƙasusuwa sun zauna daram, amma zanen ƙodar hagu sai ya faɗa kan hanji. Wanda ke yi wa ɗalibai lissafi a shagon kwamfuta ya ce in bar shi haka, manhaja ba ta kuskure. Lokacin kare aikina ya matso, ko barci ba na yi.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, ba ki lalata komai ba. Idonki ya fi mai shagon nan gaskiya.

Digimouse da aka fitar a 2007 a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, daga ɓera ɗaya tak aka gina shi, namiji mai nauyin giram 28. Wani atlas ɗin ma, MOBY, na 2004, daga hoton MRI na ɓera irin C57BL/6 aka zana shi. Tela ne ya yi ɗinki da awon mutum ɗaya, ke kuma kina so rigar ta zauna wa duk 'yan gida. Ƙashi da huhu suna fitowa sarai a CT, shi ya sa manhaja ke kama su ta daidaita. Hanta da saifa da ƙoda kuwa, in ba a yi wa dabbar allurar ruwan aidin mai haska kayan ciki ba, duk toka-toka suke, kusan launi ɗaya. Manhajar ba ganin ƙodar ta yi ba, ƙiyasi ta yi daga inda haƙarƙari da ƙashin baya suke.

Wannan magana ta "manhaja ba ta kuskure" ita ce ke cin raina, kuma kusan kullum sai na ji ta. Ɗalibi ya ga an shafa wa hoto ja da kore, sai ya ɗauka an gama aiki. Na taɓa duba aikin wani da ya ɗora atlas na ƙaramin ɓera a kan babban ɓera irin Wistar, har ya kawo mani awon maɗaciya da lambobinsa reras a jadawali. Shi kuwa Wistar ko maɗaciyar ba shi da ita, ƙaramin ɓera ne ke da ita. Me ya auna ke nan? Mahaucin da ke fiɗa kowace safiya ba zai yi wannan kwaɓa ba, don shi da hannu yake taɓa abin. Masu shagon nan kuɗinsu kawai suke karɓa. Ranar kare aiki ke za a tsayar gaban malamai, mai shagon yana can yana buga wa wani takarda. Mafi muni, in magani ake gwadawa, awon ƙarya zai iya nuna hanta lafiya lau alhali ta kumbura, kuma atlas na lafiyayyen ɓera dama can yana jan zane zuwa siffar lafiya.

Ga abin yi. Fara tabbatar da hagu da dama ba su juye ba: huhun hagu na ɓera sashe ɗaya ne, na dama huɗu, tumbi da saifa suna hagu. Ƙodar dama ta fi ta hagu matsawa wajen kai, saɓanin mutum, ta hagun kuma ta fi yawo, musamman in tumbi ya cika da abinci. Ina zaton abin da ya same ki ke nan. Tambayi waɗanda suka ɗauki hoton ko rub-da-ciki aka kwantar da dabbar ko rigingine, da ko an daidaita ɗaukar da numfashi.

Sannan ki zauna ki bi hoton falle-falle, ki gyara zanen da hannu. Ki sa wata abokiyar karatu ta zana wasu daga ciki ba tare da ta ga naki ba, ku kwatanta da ma'aunin Dice, wanda ke nuna yadda zane biyu suka dace da juna. Inda gefen ƙodar bai fito ba sam, kada ki ƙirƙira masa iyaka, ki rubuta a babin hanyoyin bincike cewa hoton ba shi da ruwan haskawa, ki cire wannan ɓeran daga lissafin ƙoda.