Anya Dillingham zai bar Arizona State?

Ɗan'uwa kana tambaya ko Kenny Dillingham, kocin ƙwallon Amurka na jami'ar Arizona State, zai tsallake zuwa babbar jami'a tunda ya ci kofin gasar rukunin jami'o'i na Big 12 a 2024. Ni dai a ganina ba yanzu ba gaskiya, yaron ɗan gida ne fa, a Arizona ya taso kuma a makarantar nan ya yi karatu, ga shi yanzu fili da mai doki duk nasa ne. Amma kar ka saki baki da alƙawarin koci a ƙwallon Amurka, shahararren koci Nick Saban ma ƙarshen 2006 cewa ya yi ba zai je jami'ar Alabama ba, Janairu na yi sai ga shi can. In manya irin Ohio State suka zo da buhun dala, to fa sai dai addu'a.