Tambaya da Amsa: Gaskiyar Aji da Gaskiyar Islamiyya, Ɗaya Ce ko Biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce. Wata ɗalibata ta tambaye ni ko gaskiyar da nake koya mata daban take da ta Islamiyya, sai na rasa amsa. Yaya tarbiyyar Musulunci take kallon gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan yarinya ta yi tambayar manya, kada ki bari ta ji kamar ta yi laifi.

Kalmarmu "gaskiya" ta haɗa abubuwa biyu da Larabci ya raba: haƙƙu, wato abin da yake tabbatacce ko mutane sun yarda ko sun ƙi, da sidƙu, wato maganar mutum ta dace da abin da ke zuciyarsa da abin da ya faru. Al-Haƙƙu ɗaya ne daga sunayen Allah, kuma tunda wanda ya saukar da wahayi shi ne ya halicci ruwan da kike tafasawa a ɗakin gwaji, tushen gaskiyar ɗaya ne. Alƙur'ani ma da kalma ɗaya, "aya", yake kiran jumlolinsa da kuma alamomin da ke sammai da ƙasa. Shi ya sa Ibn Rushd, alƙalin birnin Ƙurɗuba na Andalus da ya rasu a 1198, ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya. Idan aka ga saɓani, to a fahimtarmu yake, ko ta nassin ko ta binciken.

Abin da ya bambanta shi ne ƙarfin saninmu. Malamai sun ciro matakai uku daga Alƙur'ani: ilmul yaƙin (sani ta hanyar hujja), ainul yaƙin (gani da ido) da haƙƙul yaƙin (ɗanɗanawa da kai). Wanda ya hango hayaƙi ya san akwai wuta, wanda ya matsa ya gan ta da idonsa, wanda ta taɓa wa yatsa kuwa ba mai ƙara yi masa bayani. Neman irin wannan yaƙini ne ya sa Imam Gazali ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095.

A ganina, ɓangaren sidƙu ne ya fi rataya a wuyanki. An ruwaito cewa Imam Malik ya sha amsa tambaya da "ban sani ba", kuma Suratul Isra'i, aya ta 36, ta hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kansa. Idan yarinyar ta dawo, ki bambance mata a fili: wannan gwaji ya tabbatar da shi, wannan hasashen masana ne da zai iya canjawa, wannan kuma zan bincika in zo miki da amsa.