Barewa Ta Addabi Lambuna, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Maryland ta ƙasar Amurka, kuma na yi ɗan lambu a bayan gida inda na shuka kuɓewa da wake da tumatir da alayyahu. Kusan kullum idan gari ya waye sai in tarar an cinye kan shukar, ga sawun kofato a ƙasa. Maƙwabta sun ce barewa ce. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da farko ki duba ganyen da aka ci. Barewar nan mai farar wutsiya ba ta da haƙoran gaba na sama, kamar dai akuya, don haka fizgar ganye take yi ta bar shi a yayyage, alhali zomo datse shi yake yi tsaf kamar an sa almakashi. Idan yagaggen ganye kika gani, to maƙwabtanki sun yi gaskiya, kuma yawanci da magariba ko da asuba take shigowa.

Shawarata ita ce ki zuba kuɗinki a shinge, domin shi kaɗai ne maganin da ke ɗorewa. Sai dai irin dangar da ke tare akuya ba za ta tare wannan dabba ba, saboda tsalle ɗaya take yi ta haye. Ana bukatar shingen waya ko raga mai tsayin ƙafa 8, wato kusan mita 2.4, a kuma danne gindinsa da ƙasa sosai, domin idan ta ga kafa a ƙasa kutsawa take yi ta shige. Idan dokar unguwarku ta hana dogon shinge, abin da ya kamata ki bincika tun kafin ki sayi kaya, sai ki yi guda biyu masu tsayin ƙafa 4, ki bar tazarar kimanin ƙafa 4 a tsakaninsu. Barewa ba ta iya auna nisa da kyau, shi ya sa take shakkar tsallakawa inda ba ta ga wurin dira ba.

Magungunan feshi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai suna korar ta na ɗan lokaci, amma ruwan sama yana wanke su, kuma ban so ki fesa su a kan alayyahun da za ki yi miya da shi. Albasa da tafarnuwa ba su cika burge ta ba, sai ki shuka su daga baki-baki.

Kada a kuskura a ɗana mata tarko ko a sa guba, domin farautar barewa a can sai da lasisi, kuma tana da lokacinta. Sannan ki riƙa duba jikinki da na yara bayan aikin lambu, saboda barewa na ɗauke da kaskar da ke yaɗa cutar Lyme.