Filin Tambaya da Amsa: Duk Sallah sai na yi faɗa da kwastomomi

TAMBAYA: Salam Kawu, ni tela ne a nan wajen Kasuwar Barci, Tudun Wada. Wallahi duk shekara in azumi ya zo sai na karɓi ɗinki ya fi ƙarfina, goman ƙarshe ba na barci ba na zuwa tahajjud, kuma daren Sallah sai an yi cacar baki da mutane. Na ce bana zan tsara komai tun da wuri, sai yayana ya yi min dariya wai a Najeriya ba a tsari, shi ma tsari ya yi ya sayi masara ya ajiye a sito farashi ya karye ya tafka asara. Dan Allah wa ya fi gaskiya tsakaninmu? Daga mai karatunku, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaishe min da yayan naka, Allah ya mayar masa da alheri, amma abinda ya yi da abinda kake son yi ba ɗaya ba ne sam. Shi farashi ya yi wa kintace. Shekara da shekaru an saba a sayi masara da kaka a Saminaka ko Giwa a jira damina ta yi tsada, sai gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji na kwana 150 a 2024, kafin ka ce kwabo a 2025 farashi ya yi ƙasa, masu sito da yawa suka kwana ciki. Wannan ba wanda ya isa ya ce ya san ranarsa, haka ma wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 da muka riƙa sayen naira da naira a wurin masu POS, ko 29 ga Mayu na shekarar da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi litar da ake saye ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki.

To kai fa? Sallah ce ta taɓa yi maka ba-zata? Kowa ya san azumi na matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, yaro ma zai lissafa maka, amma sai mu zauna har a ga wata sannan mu fara neman zare da maɓalli da yaron da zai taya mu, ba a fafe gora ranar tafiya ai.

Ka zauna da biro da littafi, kaya nawa kake iya gamawa a rana tsakani da Allah, ba ranar da ka sha shayi ka kwana kan keke ba, ranar da kake da azumi a baki ana zafi NEPA sun ɗauke wuta. In uku ne to uku ne. Ka ninka da kwana 25, sauran kwanakin ka bar su fili saboda keke zai lalace, mai aikin wuya zai riƙe maka kaya, wani zai dawo wai hannun rigar ya yi masa tsawo. Da ka cika adadin ka rufe littafi. Nan ne fa wuyar take, don surukinka zai shigo ranar 27 ga wata da shadda a leda yana murmushi, kuma mu kunya ta yi mana yawa (ni ma da nake wannan surutun na sha kai wa telana yadi a makare, Allah ya yafe mana). Ka ce masa sai bayan Sallah, fushin kwana biyu zai yi.

Kayan aiki kuma tun Rajab ko Sha'aban ka saye su, a yi wa keke da janareta sabis. Sai wani ɗan kuɗi da za ka ware daban, ko adashe ne, wanda ba ka juya shi a kaya, shi ne na abinda ba a san ranarsa ba, irin a wayi gari fetur ya ƙara kuɗi. Kuma dan Allah kuɗin kafin alƙalami da kwastoma ya ba ka kar ka yi cefane da shi tun ba ka yanka yadinsa ba.

Ka rubuto min bayan Sallah in ji kaya nawa ka karɓa, nawa ka gama.