Tambaya da Amsa: Zan iya shiga ajin Sifaniyanci ban san ko gaisuwa ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, na gama bautar ƙasa bara, yanzu ina taya Baba harkar fata. Muna da masu sayen kaya a Sifaniya, kuma duk cinikin da za a yi sai an nemo tafinta. Baba ya ce zai biya mini wata uku in je can in koyi yarensu. Makarantar da na samu ta rubuto cewa tun ranar farko malamai ba sa yin wani yare a aji sai Sifaniyanci, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Anya ba asarar kuɗin Baba zan yi ba? Kuma yaya zan yi da abinci da sallah?
Ƙaninka daga Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa Baba da alheri, ya yi tunani mai kyau. Ka tafi. Ajin da kake tsoro an gina shi ne domin irinka, kuma ba shi ne zai ba ka wahala ba.

A Granada na yi nawa karatun, a kudancin ƙasar, kuma yawancin makarantun tsarinsu ɗaya ne. Ranar Litinin da safe za a yi maka ɗan gwaji, a ga ba ka san komai ba, a kai ka matakin farko da ake kira A1. Matakan shida ne, daga A1 zuwa C2. Darasi huɗu a rana, ashirin a mako. Malamarmu ta shigo, ta dafa ƙirjinta ta ce "Me llamo", ta faɗi sunanta, sannan ta miƙo mini hannu tana jira. Na faɗi nawa. Ta ɗauki biro, ta ɗaga shi sama ta ambaci sunansa, ta ajiye shi a kan tebur, ta sa shi a ƙarƙashin tebur, kowane motsi da kalmarsa. Kafin a tashi, mu da muka fito daga ƙasashe dabam-dabam muna tambayar juna suna da gari. Da rana kai zai yi maka nauyi kamar ka wuni a kasuwar Kurmi ranar cinkoso. Wannan gajiyar ta makon farko ce, tana wucewa.

Bahaushe yana da sa'a a wannan yare fiye da yadda yake zato. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake furtawa. Karkaɗa harshe wajen "r", wanda ke sa Turawan Ingila gumi, kai da shi ka tashi. Suna raba sunaye namiji da mace, kuma yawancin na mace da "a" suke ƙarewa, abin da kunnenka ya riga ya saba da shi, sai 'yan kaɗan irin día da problema da suke ƙarewa da "a" amma na namiji ne. Inda za ka sa ido shi ne "p" da "f", domin mu muna haɗa su, su kuwa ba sa haɗawa. Sai kuma aikatau, wanda ƙarshensa ke sauyawa bisa ga wanda ya yi aikin: hablo (ina magana), hablas (kana magana), habla (yana magana). Wannan sai hadda.

Saboda haka kada ka jira sai ka sauka. Daga yau har ranar tafiya, ka ware rabin sa'a kullum ka koyi gaisuwa, ƙirga daga ɗaya zuwa dubu, ranakun mako, da yadda ake cewa ban gane ba, a maimaita a hankali. Wanda ya zo da wannan ɗan guzuri yakan fara cin moriyar aji tun makon farko.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne sa'o'in da ke bayan aji. Sa'a huɗu kake yi da malami, sauran wunin naka ne, kuma a nan ne kuɗin Baba zai yi albarka ko ya zube. Ɗalibai daga Amurka da Jamus da Holan duk suna jin Turanci, kai ma kana ji. Da an tashi za su ja ka cin abinci, hira ta yi daɗi, kafin ka ankara wata ya wuce kana Sifaniya kana Turanci. Na ga waɗanda suka koma gida da hotuna masu kyau da bakin da bai buɗe ba, kuma abin ya dame ni, domin na san yadda aka tara kuɗin. Idan makaranta ta ba ka zaɓi tsakanin gidan ɗalibai da zama da wani iyali, ka zaɓi iyalin. Dattijuwar da na zauna a gidanta ba ta jin Turanci ko kaɗan. Kullum da dare sai ta tambaye ni me na yi yau, kuma ba ta ɗauke faranti sai na ba ta labari, ko da jimla uku ne masu ɗingishi. Ka nemi kuma abin da suke kira intercambio: ɗan gari mai son Turanci, ku yi rabin sa'a da yarensa, rabin sa'a da wanda ka iya.

Batun abinci sai ka yi magana tun kafin ka biya. Ka rubuta wa makarantar cewa kai Musulmi ne, ba ka cin alade, ba ka shan giya, a samo maka gidan da ya yarda. Ka haddace "No como cerdo", wato ba na cin alade. Amma ka sani alade a can ba a yanka kaɗai yake zuwa ba. Ana sa chorizo, wato tsiran alade, a cikin wake, ana jefa ƙashin jamón, wato busasshiyar cinyar alade, a romo, akwai kuma kayan fulawa da ake yi da kitsensa, wanda za ka ga an rubuta manteca de cerdo a jikin leda. Kifi da ƙwai da dankali suna da yawa, ba za ka kwana da yunwa ba. Abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare tara ko goma, don haka ka riƙa karyawa sosai.

Sallah a Granada ba matsala. Akwai babban masallaci a unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, yana fuskantar fadar Alhambra, kuma a ƙasan unguwar akwai mahauta masu naman halal. Aibin garin ɗaya: mutanen kudu suna haɗiye "s" ta ƙarshen kalma, mai koyo yakan sha wuya da farko. Salamanka, mai jami'ar da aka kafa a 1218, lafazinta ya fi fita sarai, sai dai sanyinta na hunturu ba wasa ba ne. Tunda fata ce ta kai ka, ka tambayi Baba inda masu sayen suke. Idan masu takalma ne na garuruwan Elche ko Elda, to makaranta a Alikante, da ke kusa da su, ta fi maka, ka riƙa kai musu ziyara kana jin sunayen kaya daga bakinsu. Duk inda ka zaɓa, ka duba ko cibiyar Cervantes, hukumar gwamnatin Sifaniya mai kula da koyar da yaren, ta amince da makarantar, sunayen suna shafinta na intanet.

Ka lura da lissafin kwanaki. Bizar ɗan gajeren zama ta Schengen, wadda ake shiga Sifaniya da ita, kwana 90 ce, kuma wata uku cif kan iya zarce haka. Ka yi rajistar mako 12, kwana 84 ke nan, ya bar maka na zuwa da komawa. Abin da ya wuce 90 sai bizar ɗalibi. Za a nemi takardar karɓa daga makaranta, shaidar kuɗi, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000.

Ka faɗa wa Baba gaskiya tun yanzu: mako 12 zai kai mai himma wajen A2. Za ka gaisa da abokin ciniki a waya, ka faɗi farashi da adadi, ka gane korafinsa kan kaya. Takardar yarjejeniya kuwa a ci gaba da kai wa tafinta tukuna. Allah ya kai ka lafiya, ka rubuto mana idan ka dawo.