Kafin ka biya kuɗin fili a Maradi

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Zariya ya rubuto yana cewa dillali ya kawo masa filaye biyu: ɗaya yankin gona ne a bayan gari ta wajen Jiratawa, mai faɗi da araha, takardar mai gari kaɗai gare shi, ɗayan kuma ƙarami ne da aka riga aka yi wa loti, wato hukuma ta auna wurin ta raba shi filayen gidaje, amma kuɗinsa ya ninka na farkon. Yana son ya san wanda zai saya domin ya gina wa iyalinsa.

Alhaji, idan gidan zama kake nufi, ka sayi wanda aka yi wa loti, ko da za ka jinkirta ginin shekara guda. Takardar mai gari ba ƙarya ba ce, domin dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar ƙasa ta gargajiya, har ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo don su shaida cinikin gonaki. Sai dai abin da takardar ke tabbatarwa shi ne ka sayi gona, ba ta ce an ware wurin don gidaje ba. Ranar da hukuma ta zo da masu awo za a shata tituna, a keɓe wurin makaranta da na kasuwa da na likita, kuma babu wanda zai karkata hanya saboda katangar da ka yi ba tare da izini ba. Arahar da ta ja ka tana iya komawa asarar siminti da ƙarfe.

Shi ma filin lotin kada ka biya a kan maganar dillali. Ka karɓi takardar mallaka da ake kira ak da sesiyo, ka duba lambar rukunin filaye da lambar filin, sannan ka je da kanka sashen filaye na ma'aikatar magajin gari a buɗe rajista a gabanka, a ga ko sunan mai sayarwa ne a ciki. Birnin Maradi ya kasu gundumomi uku, kuma ya faɗaɗa har ya taɓa ƙasar Tibiri da ta Jiratawa, saboda haka ka tabbatar da hukumar da filin ke ƙarƙashinta, don takardar da wata gunduma ta bayar a ƙasar wata tushen rigima ce a kotu. Idan filin gado ne, sai dukkan magada sun sa hannu. A nemo mai awo ya nuna duwatsun iyaka, a yi cinikin gaban noter, wato ma'aikacin shari'a mai shaida takardun ciniki, a mayar da sunanka, daga baya ka nemi takardar mallaka ta dindindin da ake kira titir fonsiye, wadda ta fi kowace takarda ƙarfi a gaban alƙali da banki.

Akwai kuma abin da rajista ba za ta faɗa maka ba. Ka je ka ga wurin da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Dattawa sun san cewa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tayar da tsohon gari daga fadama ya hau tudu, kuma daminar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a birnin nan. Filin da ke bakin kwazazzabo, ko kyauta aka ba ka, yana da tsada.

Wata malamar makaranta daga Ali Ɗan Sofo kuma ta tambaya ko sai ta nemi izini kafin ta fitar da shago a gaban gidanta, tunda gidan nata ne.

Malama, ki nema. Izinin gini a ma'aikatar magajin gari ake ajiye buƙatarsa, tare da takardar fili da zanen ginin, kuma kuɗinsa bai kai na rushewa da sake gini ba. Abin lura shi ne shagon ya tsaya cikin iyakar filinki. Sararin da ke tsakanin katanga da titi na jama'a ne, nan ake bi da lambatu da bututun ruwa da turakun wuta, kuma yawan maƙwabtan da suka cinye sararin gaban gidajensu ba zai zama hujja ba ranar da aka zo shafa jan fenti na alamar rushewa. Idan wurin ya yi kaɗan, ki mayar da zauren gidan shago, ki buɗe masa ƙofa ta titi.